TSAKANIN KAI DA ƘOTA: TARIHIN SAITIN SANDAR GOLF

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu nesa da gida, har Sikotilan da Amurka, a kan wani wasa da yawancinmu a talabijin kawai muke ganinsa. Amma bari mu fara daga gona.

Manomin da ya ari fartanyar maƙwabcinsa, kafin ya ƙare kunya biyu zai ji a ƙugunsa cewa ba tasa ba ce. Ƙarfen iri ɗaya ne, wataƙila ma maƙeri ɗaya ya ƙera su, nauyin kusan ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne yadda ruwan fartanyar ya zauna a jikin ƙota. In ya buɗe da yawa, sai ya riƙa sarar ƙasa a tsaye yana kafewa. In ya tsuke, sai ya riƙa shafar ƙasa yana wucewa ta kan ciyawa, mai noma ya yi ta ƙara duƙawa don ya sa ta ci. Kusurwar da ta dace da dogo daban, ta gajere daban. Wannan 'yar kusurwa da ke tsakanin kai da ƙota ita ce masu wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, suka shafe shekara ɗari biyar suna fama da ita. Tarihin sandarsu, in ka bi shi a hankali, tarihin wanda kusurwar nan take hannunsa ne. Da tana hannun masassaƙi, ta koma hannun masana'anta, yanzu an miƙa wa ɗan wasa makulli an ce ya gyara da kansa.

Ga wanda bai san wasan ba, fili ne mai faɗi da ramuka 18, kowane rami faɗinsa inci 4 da kwata. Daga inda ake fara bugu zuwa ramin akwai tafiya, wani yadi 150, wani 400, wani ya haura 500. Wanda ya zagaye ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Sandunan kala-kala ne. Akwai babbar mai ƙaton kai da ake buɗe rami mai nisa da ita, ita kam a kan ɗan tsinke ake ɗora mata ƙwallo. Akwai na ƙarfe masu siririn kai. A tsakaninsu akwai dangin da muke magana a kai yau, waɗanda zan kira sandunan tsakar fili. Kansu a dunƙule yake kamar na babbar, sai dai bai kai shi girma ba, kuma aikinsu su ɗauki ƙwallo daga ƙasa, ba tsinke ba komai, su kai shi yadi 200 ko fiye. 'Yan wasa har gobe "wud" suke ce musu, wato katako, ko da yake tun shekarun 1990 katakon ya bar jakar manyan 'yan wasa.

Kusurwa biyu ake aunawa a jikin wannan sanda. Ta farko su ce mata lof. In ka ajiye kan sandar a ƙasa ka dube shi ta gefe, za ka ga fuskar da ke dukan ƙwallo ba a tsaye cak take kamar bango ba, ta ɗan kishingiɗa baya. Ni kishingiɗa zan kira ta. Ita ce ke sa ƙwallo ya tashi sama. Sanda mai lamba 3 kishingiɗarta wajen digiri 15 ce, mai lamba 5 wajen 18, mai lamba 7 wajen 21. Ta biyu su ce mata lai, wato kusurwar da ke tsakanin ƙota da ƙasa idan tafin kan ya zauna daram. Wannan zama zan kira ta, kuma a sandunan tsakar fili takan faɗa tsakanin digiri 56 da 60. In zaman ya miƙe fiye da yadda ya dace da jikin ɗan wasa, hancin sandar zai ɗaga, dunduniyarta ta nutse, fuskar ta karkata, ƙwallon na-dama ya yi hagu. In ya kwanta da yawa, hancin ne zai nutse, ƙwallon ya yi dama. Ka ga maganar dogo da gajere ta dawo.

Na tsaya a kan sunayen nan ne don mu. Littattafanmu cike suke da Alhazan da ake cewa "ya tafi golf", shi ke nan, marubucin ya tsallake. Ba a ce dole ka iya wasan ba. Amma in Alhajin labarinka zai tsaya a filin Kaduna ya ciro sanda, mai karatu zai fi yarda da kai in ka san wadda ya ciro da dalilin ciro ta. Kuma ƙota da kai da wuya da tafi da dunduniya duk kalmominmu ne, ba mu aro ko ɗaya ba.

Farkon ambaton wasan a rubuce hani ne. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu na Sikotilan ta hana golf da ƙwallon ƙafa saboda suna ɗauke hankalin samari daga koyon harbi da baka. Abin dariya, a 1502 jikansa, James na Huɗu, ya biya sule 14 aka yi masa sandunan golf, kuma wanda ya yi su mai sassaƙa baka ne a garin Perth. Hakan ba abin mamaki ba ne, don mai yin baka shi ya fi kowa sanin itacen da ke lanƙwasa ya dawo bai karye ba.

Kusan shekara ɗari uku da hamsin bayan nan, yawancin sandunan da ɗan wasa ke ɗauka na itace ne. Dalilin yana jikin ƙwallon. Da fata ake ɗinka shi, a cusa masa dafaffen gashin tsuntsu har ya yi tauri, ƙwararre ba ya wuce uku ko huɗu a yini, don haka yana da tsada, kuma kan ƙarfe yana iya tsarge shi a bugu ɗaya. Sai aka dogara da itace. Kan sandar dogo ne siriri, ana sassaƙa shi daga itatuwa masu tauri irin tuffa da ƙaya, a zuba darma a bayansa don nauyi, a manna ƙahon rago a gaban tafinsa don kada ƙasa ta cinye shi, sannan a fere shi a haɗa da ƙota a naɗe mahaɗin da zare mai ƙaro. Wanda ya taɓa zama kusa da masassaƙi yana aiki da gizago zai gane wannan aikin ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A wancan zamani ba wanda ke maganar digiri. Suna sandunan ke da shi. Waɗanda aka rarake fuskarsu don su ɗaga ƙwallo, cokali ake ce musu, akwai dogon cokali, akwai na tsakiya, akwai gajere. Su ne kakannin sandunan tsakar fili na yau. Daga baya aka sami wadda aka sa wa farantin tagulla a tafi don ta jure bugu a busasshiyar ƙasa da kan hanya, ita ma da tagullar aka yi mata suna. Hugh Philp, wanda ƙungiyar 'yan wasan St Andrews ta naɗa masassaƙinta a 1819, sandunansa har yau masu tara kayan tarihi na rububinsu. Sirrinsa da na ire-irensa shi ne sun san wanda suke yi wa aiki. Mutum zai zo shago, a ga tsayinsa, a ga yadda yake tsayawa, a bi shi fili a ga bugunsa. In ƙwallonsa ba ya tashi, a sa magagari a ƙara kwantar da fuskar. Saitin yana cikin idon masassaƙi, kuma in an yi shi an yi ke nan, don itacen da aka goge ba ya dawowa.

A 1848 aka fara yin ƙwallo da ƙaron wani itace na ƙasar Malaya. Ya fi araha, ya fi tauri, sai wasan ya yaɗu, masu saye suka fi ƙarfin shagunan. Taurin nasa kuma ya riƙa fasa dogayen kawunan nan, dole aka gajarta su aka dunƙule su. Aka koma shigo da itace daga Amurka, hikori don ƙota, fasimon don kai. Ga wani abu da ya kamata ku riƙe: fasimon ɗan'uwan kanya ne na jini, dangi ɗaya suke a wurin masana tsirrai. Wato kan sandar da manyan zakarun duniya suka yi ta cin kofi da ita har zuwa shekarun 1980, daga dangin itacen nan yake da yaranmu ke jifa don 'ya'yansa su zubo.

Tun a shekarun 1890 wasu suka fara tunanin a bar wa ɗan wasa saitin. Gidan Urquhart a Edinburgh ya fito da sandar ƙarfe guda wadda ake juya kanta ta zama mai kishingiɗa kaɗan ko mai yawa, don mutum ya huta da ɗaukar jaka. Ba ta kori jakar ba, daga baya ma dokar wasan ta rufe wannan ƙofa, ta daɗe kuwa a rufe.

Abin da ya sauya komai ƙotar ƙarfe ce. Hukumar wasan ta Amurka ta halatta ta a tsakiyar shekarun 1920, ta St Andrews ta biyo baya a 1929. Ƙotar itace kowace da halinta, ko daga gungume ɗaya aka tsago su. Ta ƙarfe kuwa inji zai fitar da dubu iri ɗaya. Daga nan kamfanoni suka fara sayar da sanduna jeri guda, kowace ta ɗara ta gabanta da digiri ƙididdigagge, sunaye suka ɓace, lambobi suka maye gurbinsu. Cokali ya zama lamba 3. Da sanduna suka yi yawa, wasu 'yan wasa suka riƙa loda wa yaran ɗaukar jaka ashirin da wani abu, har talatin, sai aka sa doka: 14 kawai, Amurka daga 1938, St Andrews daga 1939. Wannan doka ita ta ƙara wa kishingiɗa daraja, don tun da gurbin 14 ne, dole mutum ya lura kada sanduna biyu su riƙa kai masa ƙwallo wuri ɗaya.

Bugun da ya fi kowane suna a tarihin sandar tsakar fili a wannan zamanin aka yi shi. A 1935, a gasar Masters ta Augusta, Gene Sarazen ya iso rami na 15 a zagayen ƙarshe yana bayan Craig Wood da bugu uku. Tsakaninsa da ramin yadi 235, ga ruwa a gaba. Ya ciro lamba 4 ya buga, ƙwallon ya tsallake ruwan ya gangara ya faɗa rami. Ramin da ake sa ran gwani ya gama da bugu biyar, ya gama da biyu, ya goge tazarar uku nan take, washegari ya ci wasan raba gardama. Da lamba 3 ya ciro, da ƙwallon ya fita ƙasa-ƙasa ya fi gudu. Bambancin da ke tsakanin sandunan biyu 'yan digiri ne da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Lokacin da ake wannan a can, wasan ya riga ya sauka a Arewa tare da Turawan mulki da na kamfanoni. Kulob ɗin golf na Kano yana ƙirga shekarunsa daga 1908, na Rayfield a Jos, na masu haƙar kuza, daga 1913, na Kaduna daga 1921, akwai kuma na Zariya. Sun tarar da ƙasar da ba ta yi kama da tasu ba. Ciyawar da ake lailayewa a kewayen rami ba ta jure rani, don haka aka riƙa shimfiɗa yashi a kwaɓa da baƙin mai, a share shi sumul kafin a gangara ƙwallo. Tsakar filin kuma da damina ta ɗauke sai ta ƙeƙashe kamar daɓe. Sandar da aka sassaƙa don lallausar ciyawar bakin tekun Sikotilan ita ce aka zo ana dukan fako da ita a Kano. 'Yan ƙasa ta ƙofar ɗaukar jaka suka shiga wasan, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga nan suka taso, suna koyo da sandar da maigida ya gaji da ita. Zanen aro ba ya rufe katara, amma da shi suka iya. Gasar ƙasa da aka fara a Ikoyi ta Legas a 1969 ta jawo baƙi masu tasowa: Sandy Lyle a nan ya ci kofinsa na farko na ƙwararru a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989, dukansu daga baya suka ci Masters.

Golf ba wasan Magami ba ne, ba na Tsafe ko Bungudu ba. Amma abin da ya sami sandar golf a waɗannan shekaru ya sami kayan nomanmu, kusan lokaci guda ma. Layin dogo ya iso Gusau ya wuce Ƙaura Namoda a 1929, ya zo da kamfanonin auduga da gyaɗa, ya kuma zo da ƙarfe. Maƙeran ƙasar Hausa da a da suke dogara da tamar da aka narka a daji suka koma ƙira da tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota. Ƙarfen ya sauya, hanyar aikin ba ta sauya ba. Manomi zai zo maƙera da ƙotarsa, ko ya zaɓa cikin waɗanda masassaƙi ya kawo, na marke ko aduwa ko ƙirya, wadda aka saro daga inda reshe ya rabu da uwa don a sami kai mai ƙwari. Yaro na kan zugazugi, maƙeri ya kama wutsiyar ruwan fartanyar da awartaki ya sa a wuta har ta yi ja, ya nutsa ta cikin kan ƙotar tana hayaƙi. A wannan ɗan lokacin ake yanke kusurwar. Sai ya miƙa wa mai ita ya ce ya gwada. Ya sari ƙasa sau biyu sau uku, ya ce ta buɗe, a mayar kan uwar maƙera a ba ta masaba biyu. Da Hugh Philp zai ga wannan, ba zai nemi tafinta ba.

A ƙarshen shekarun 1920 ɗin ne kuma ma'aikatar gona ta Turawa ta fara yaɗa noman shanu a Arewa. Ku dubi garmar shanu ta kamfani da kyau in kun sami dama. Akwai taya a gaba da ake ɗagawa ko saukewa, akwai ramuka jere da ake sauya wa ƙusa, akwai noti. Me ya sa galmar hannu ba ta da ko ɗaya, ta shanu kuwa tana da su? Saboda wanda ya yi galmar hannu ya ga mai ita, wanda ya yi ta shanu bai san ko a jigawa za a ja ta ko a laka ba, bai san girman bijiman ba. Da masana'anta ta rasa sanin mai saye, sai ta huda ramuka ta ce ya zaɓa. A ganina wannan shi ne asalin duk wani abin da ake kira saiti, na garma ne ko na kujerar mota ko na sandar golf.

Su masu golf sun daɗe kafin su kai ga ramukan. Cikin waɗanda suka nemi mayar da idon masassaƙi cikin masana'anta akwai Karsten Solheim, mai kamfanin Ping, injiniya ɗan asalin Norway wanda mahaifinsa mai ɗinkin takalmi ne, shi ma ya yi sana'ar yana matashi. Mai ɗinkin takalmi ya san ba a yi wa ƙafa biyu awo ɗaya. A 1972 ya fito da tsarin da ake auna tsayin mutum da tazarar hannunsa zuwa ƙasa, a ba shi sandunan ƙarfe masu zaman da ya dace da shi, a ɗiga musu ɗigon fenti mai launin da ke nuna awon. Wannan ya yiwu ne don wuyan sandar ƙarfe yana lanƙwasuwa in an matse shi a inji. Kan katako kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai a goge ko a sake huda. A 1979 Gary Adams ya kafa TaylorMade ya fara sayar da "katako" na ƙarfe mai rami a ciki, a 1991 Callaway ta fito da Big Bertha, cikin 'yan shekaru fasimon ya zama kayan tarihi. Amma kawunan nan masu rami su ma ba sa son lanƙwasa, gajeren wuyansu yana iya tsagewa. Wanda ya sayi digiri 15, da 15 zai zauna.

A 2004 TaylorMade ta fito da babbar sanda mai ƙananan notunan nauyi da ake sauya wa wuri. Sannan daga 1 ga Janairun 2008 hukumomin wasan biyu suka buɗe ƙofar da aka rufe tun bayan Urquhart, suka yarda a yi sandar da ake sauya mata kusurwa, bisa sharaɗi: sai da makulli za a iya sauyawa, komai ya ɗauru tamau, kuma duk inda aka juya ta kada ta fita daga doka. A 2009 R9 ta TaylorMade ta fito da wuya mai juyawa, har a sandunan tsakar fili. A ƙarshen 2010 Titleist ta fito da nata mai zobe biyu, ɗaya da haruffa huɗu, ɗaya da lambobi huɗu, mazauni 16 ke nan, ana hawa ko sauka da kashi uku cikin huɗu na digiri.

Yadda abin yake aiki ya fi yadda ake tallarsa ban sha'awa. Kan sandar ba ya sauyawa ko kaɗan, fuskarsa yadda aka zuba ta a masana'anta haka take. Ƙarshen ƙotar ne aka sa wa ɗan kwaroron ƙarfe wanda raminsa bai miƙe sak ba, an ɗan karkatar da shi da gangan. In ka kwance notin da ke tafin sandar, ka zare kan, ka juya kwaroron, ka mayar, sai ƙotar ta shiga kan ta wata karkata daban. Juya ta nan, zaman ya miƙe ko ya kwanta. Juya ta can, fuskar ta ɗan rufe, wato ta kalli hagu ga na-dama, kuma idan ɗan wasa ya murɗa hannu ya daidaita ta da inda ya nufa, sai kishingiɗar ta ƙaru. Shi ya sa ƙara kishingiɗa ke tafe da rufewar fuska, rage ta kuma ke tafe da buɗewa. Ba ka taɓa ɗaya ka bar ɗaya. Daidai da maƙerin da bai taɓa ruwan fartanya ba, ya sauya yadda wutsiyarta ta shiga ƙota kawai, amma cin ƙasarta ya sauya gaba ɗaya.

Abin da makullin ke bayarwa bai wuce digiri ɗaya zuwa biyu sama ko ƙasa ba, ya danganta da kamfani. Makullin kansa an yi shi ne ya yi ƙara "ƙas" in notin ya ɗauru daidai, daga nan a tsaya, wanda ya ci gaba da murɗawa zai lalata zaren. Masu koyar da wasan sukan ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a buga ƙwallaye da dama, a kalli tashinsu da inda suke sauka, kafin a sake taɓa wani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage kishingiɗa don neman nisa. Mutum ya ga zakaru a talabijin, ya mai da 15 ta koma 13 da rabi, alhali hannunsa bai da saurin da zai ɗaga ƙwallon, sai ya yi ta fita ƙasa-ƙasa yana faɗuwa da wuri. Yawancin masu wasan nishaɗi ƙari suke buƙata. Zama kuwa a wannan dangin sanduna tasirinsa bai kai na gajerun sandunan ƙarfe ba, don gwargwadon yawan kishingiɗa gwargwadon yadda karkatar zama ke kautar da ƙwallo, ga tafin nasu kuma a ɗan lanƙwashe. Duk da haka wanda ƙwallonsa ke yawan zamewa dama yakan sami sauƙi in ya ɗan miƙar da zaman.

Sannan akwai dokar da ta fi burge ni: da zarar an fara zagaye, ba a sauya saiti. Wanda ya juya wuyan sandarsa da gangan a tsakiyar wasa ya kuma yi bugu da ita, an kore shi daga gasar. In noti ya kwance da kansa an yarda ka ɗaure shi inda yake, iyakarta ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ɗan wasan Arewa wuyan nan mai juyawa yana da amfanin da ya wuce na talla. Da yawan sandunan da ke hannun masu tasowa na gwanjo ne, an saye su don jikin wani a wata ƙasa, yanzu aƙalla ana iya matso da su kusa da jikin wanda suka faɗo hannunsa. Kuma filinmu biyu ne a shekara. Da damina ciyawa na ɗaga ƙwallo, ƙasa na riƙe shi inda ya sauka. Da rani ƙwallon a kan fako yake zaune, ba abin da zai shiga ƙarƙashinsa, sai kishingiɗa ta yi aikin ɗagawa, in ya sauka kuma ya yi ta gudu. A Jos, mai tsayin sama da mita 1,200, iska ba ta da kauri, ƙwallo ya fi tafiya fiye da a Kano. Saitin Agusta ba lallai ya yi a Fabrairu ba.

Kamfanonin sun buga takardar da ke nuna kowane mazauni da digirinsa, tana cikin kwalin sandar, tana intanet. Ta maƙeran Magami ce ba a rubuta ba. A shekarun nan da hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ta zama abin tsoro, manoma da dama suka bar gonakinsu na nesa, kuma inda noma ya ja baya wutar maƙera ma sanyi take yi. Dattijon da zai kalli mutum sau ɗaya ya san yadda zai dasa masa ruwan galma, yana da sunan da yake kiran kowane sashe nata, yana da kalmar da yake faɗi in ta buɗe da wadda yake faɗi in ta tsuke, kuma ta Tsafe ba lallai ta zama ta Kwatarkwashi ba. Wanda ke kusa da irin wannan dattijo cikinku, ya je da littafi da biro ranar da ba kasuwa, lokacin da maƙerar ba cunkoso, ya kuma tafi da tsohuwar fartanyar da za a gyara, don maƙeri ya fi yin bayani in ƙarfe na cikin wuta.